Muhawara: Sauyin shugabanni a kamfanin Apple da abin da yake yi wa fuskar wayoyinmu

Malamin Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna labarin da ya fito a watan Disambar 2025, cewa Alan Dye, wanda ya shugabanci sashen tsara fuskar manhajojin kamfanin Apple tun 2015, ya bar kamfanin ya koma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, aka kuma ɗora Stephen Lemay a gurbinsa, mutumin da yake aiki a Apple tun 1999. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin sauyin ma'aikaci kawai, amma ni ina ganin ya fi haka nauyi, domin tarihin kamfanin ya nuna cewa duk lokacin da iko ya koma hannun wani a cikin gida, abin da muke gani a fuskar waya yakan sauya.

Steve Jobs ya rasu a watan Oktoban 2011, bayan ya miƙa wa Tim Cook shugabanci a watan Agustan shekarar. A lokacin Scott Forstall ne ke riƙe da manhajar iPhone, kuma salonsa shi ne a sa abin da ke cikin waya ya yi kama da kayan zahiri. Wurin rubuta bayanai ya kasance kamar takarda mai ruwan ɗorawa da layuka, wurin littattafai kamar kantar katako, kalandar iPad kuma kamar an yi mata bango da fata. Hikimar ita ce mutumin da bai taɓa riƙe wayar shafawa ba ya gane aikin abu da ganinsa. A watan Satumban 2012 kamfanin ya fitar da taswirarsa mai cike da kurakurai, har Tim Cook ya rubuta wasiƙar neman afuwa, sannan a ƙarshen Oktoba aka sanar da tafiyar Forstall, aka bai wa Jony Ive, wanda a da jikin na'ura yake tsarawa, ikon kula da fuskar manhaja. Ba a cika shekara ba aka nuna iOS 7, sabon zubin manhajar iPhone, a watan Yunin 2013, an share fata da katako da inuwa, an kawo farin fili da siraran haruffa, maɓallai da yawa kuma suka koma rubutu mai launi wanda ba shi da iyaka a gefensa. Masu amfani da wayar ba su sauya a cikin waɗannan watanni ba. Wanda ke da ikon yanke hukunci ne ya sauya.

Tambayata ita ce: shin daidai ne abin da miliyoyin mutane suka saba da shi ya dogara ga ɗanɗanon mutum ɗaya?

Injiniyan Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Malam. Tarihin da ka kawo daidai ne, amma ban yarda da hukuncin da ka ɗora a kansa ba. Shimfiɗaɗɗen salo ba Jony Ive ne ya ƙirƙiro shi ba. Kamfanin Microsoft ya fito da shi a wayoyinsa na Windows Phone 7 tun 2010, Google kuma ya sanar da nasa tsarin, Material Design, a 2014. Idan kamfanoni uku masu shugabanni daban suka nufi wuri guda a cikin shekara huɗu, dole mu nemi dalilin a wajen ofishin shugaba. Dalilin farko shi ne allon waya ya inganta, domin tun daga iPhone 4 a 2010 ɗigon hoto ya ƙanƙance har siririn harafi yana fitowa sarai. Na biyu, girman wayoyi ya bambanta, kuma zanen fata da katako da aka yi wa allo guda yana da wuyar miƙewa ya dace da wani, alhali fili mai launi ɗaya yana miƙewa ba tare da wahala ba. Na uku, zuwa 2013 mutane sun yi shekara shida suna shafa gilashi, ba su buƙatar a zana musu maɓalli mai tudu kafin su san ana danna shi. Ko da Forstall ya zauna, sauyin zai zo.

Malamin Arkilla:
Injiniya, na yarda zamani ya tura kowa wajen sauƙaƙa zane, amma zamani bai faɗi iyakar da za a kai ba. Google ya shimfiɗa nasa salon amma ya bar inuwa a ƙarƙashin maɓalli, domin ido ya rarrabe abin da ake dannawa da abin da ake karantawa. Apple ya cire iyakar maɓallin gaba ɗaya, har sai da ya dawo a iOS 7.1 cikin watan Maris na 2014 ya ƙara zaɓin da zai mayar wa maɓallai siffarsu ga mai buƙata. Wannan bambanci tsakanin kamfanonin biyu hukuncin mutane ne. Dalilinka na uku kuma shi ne ya fi damuna, domin da ka ce mutane sun yi shekara shida suna shafa gilashi, waɗanne mutane kake nufi? A 2013 yawancin iyayenmu a nan Sakkwato ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, kuma har gobe akwai wanda zai sayi wayar shafawa ta farko a rayuwarsa.

Ɗan Mabera:
Malam da Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Ni gyaran waya nake yi, don haka abin da nake gani a teburina zan faɗa. Wani zai ce ina ruwanmu da Apple alhali yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a garin nan Tecno ne da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin. Ruwanmu shi ne masu tsara manhajoji suna kallon manyan kamfanoni, kuma salon da ya fito a can yakan bayyana a ƙananan wayoyi da manhajojin banki bayan ɗan lokaci, a kan allon da bai kai na asalin haske ba.

Akwai mutanen da ke kawo mini waya suna cewa ta lalace, idan na duba sai in tarar lafiyarta ƙalau, sabuntawa ce kawai ta sauka da dare ta ɗauke wani maɓalli daga sama ta kai shi ƙasa. Wani ɗan kasuwa mai sayar da albasa ya zo mini hankalinsa a tashe saboda manhajar bankinsa ta sauya fuska, wurin tura kuɗi ya koma cikin wata alama da ba ta da rubutu, ga direban mota yana jiran kuɗinsa. A ƙarshe lambar da ake dannawa da tauraro ya yi amfani da ita, wadda ba ta da wani ado amma tana nan yadda ya san ta.

Baban Kanwuri:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Na yi aikin ofis tun zamanin keken rubutu har zuwa shigowar kwamfuta, kuma yanzu idona ya yi rauni kamar na kowane mai shekaruna. Abin da nake so masu ilimin cikinku su bayyana mini shi ne wannan sabon salo na gilashi da ake magana a kansa. Idan rubutu yana zaune a kan abin da ake hango bayansa, yaya mai raunin gani zai karanta shi, musamman a ranar Sakkwato ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, hasken kuma yake hana mutum ganin allo ko da baƙi ne a kan fari?

'Yar Runjin Sambo:
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Salon da kuke tambaya a kansa shi ne Liquid Glass, wanda Apple ya nuna a watan Yunin 2025 tare da iOS 26, kuma Alan Dye ne ya gabatar da shi. Maɓallai da sandunan zaɓi suna zama kamar gilashi, suna ɗaukar launin abin da ke bayansu, kuma kamfanin ya ce daga manhajar tabaransa na Vision Pro ya ɗauko tunanin. Damuwarku tana da tushe a ilimi, domin wannan abu ne da ake aunawa. Ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta shimfiɗa don sauƙaƙa amfani da intanet ga masu lalura sun ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da abin da ke bayansa kada ya gaza kashi 4.5 bisa 1. Idan bayan rubutun fari ne ko baƙi tsayayye, mai zane zai auna sau ɗaya ya huta. Idan kuwa bayan yana sauyawa da kowane hoto da ya wuce ƙarƙashinsa, dole manhajar ta riƙa gyara launi a kowane lokaci, kuma a nan ne ake samun wuraren da rubutu ke nutsewa. Bayan ƙorafin jama'a, kamfanin ya ƙara zaɓi a iOS 26.1 wanda ke rage hangen bayan gilashin. Tun kafin wannan ma akwai wurin rage shi da ƙara kaurin haruffa a sashen saitin masu lalurar gani.

Abin da na lura da shi, wanda yake goyon bayan Malam, shi ne wannan ne karo na biyu da aka bi hanya guda, wato a fitar da salo mai ƙayatarwa sannan a biyo shi da maɓallin gyara a cikin saiti, kamar yadda aka yi a 2014.

Injiniyan Gawon Nama:
Ƙanwata, ai wannan da kika faɗa hujja ce a gare ni. Kamfanin ya ji ƙorafi ya gyara cikin watanni, kuma ya bai wa kowa zaɓi. Gilashin ma ba sabon abu ba ne, domin Mac OS X, manhajar kwamfutocin Apple, ya zo da salon Aqua mai sheƙi a 2001, Windows Vista kuma ya zo da Aero a 2007. Salo yana zagayawa ne, kuma idan aka hana masu zane gwaji saboda tsoron ƙorafi, da har yanzu baƙin allo muke kallo muna rubuta umarni da hannu.

Hajiyar Minanata:
Injiniya, ka yi haƙuri in shiga a nan, domin maganar zaɓi ita ce ban gamsu da ita ba. Ina koyar da mata manya karatu da lissafi, kuma da yawansu suna sana'a da waya, suna karɓar odar abinci da turare da ɗinki. Mafi yawansu ba sa karanta Turanci, wasu ma bokon Hausa yanzu suke koyo. Yadda suke amfani da waya shi ne sun haddace wuri da launi da siffa: koren da'ira a ƙasa ta hannun dama wurin naɗar murya ne, hoton fuskar mutum kuma shi ne sunansa. Matar da ke aiki da waya ta wannan hanya ba za ta shiga saiti ta ratsa matakai uku ko huɗu na Turanci ta nemo inda ake rage gilashi ba. A wurinta yadda wayar ta zo daga kamfani shi ne yadda za ta zauna har wayar ta mutu. Saboda haka zaɓin da aka ɓoye a ciki yana amfanar wanda tun farko bai sha wahala ba, wadda ta fi buƙatarsa kuwa ba za ta taɓa ganinsa ba.

Abin ya yi kama da a wayi gari sabon shugaban kasuwa ya sauya wa kowace rumfa wuri saboda tsari ya fi kyau daga sama. Mai karanta allon sanarwa zai gane cikin kwana ɗaya, amma makahon da ya haddace hanyarsa da ƙafa sai ya koma neman ɗan jagora. Ina ganin ɗalibaina suna komawa neman 'ya'yansu su danna musu abin da jiya suke yi da kansu, har da sha'anin kuɗi, wanda bai kamata sirrinsa ya fita ba, kuma wannan yana ƙona mini rai.

Malamin Arkilla:
Hajiya ta kai mu inda nake son mu je. Ban ce kada a sauya komai ba, Injiniya. Abin da nake cewa shi ne ya kamata a cikin kamfani a sami mai ikon cewa a'a a madadin wanda ba ya cikin ɗakin taron, kuma sauyin shugabanci yana da muhimmanci ne saboda shi yake tantance ko akwai irin wannan mutum. Ka duba abin da ya faru a Microsoft. Windows 8 ya fito a ƙarshen Oktoban 2012 ba tare da maɓallin Start ba, wanda mutane suka saba da shi tun Windows 95, aka sa manyan fale-falen da aka tsara don allon shafawa a kan kwamfutocin da ake sarrafawa da linzami. Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin a watan Nuwamban shekarar. Maɓallin ya dawo a Windows 8.1 a 2013, cikakken jerin zaɓinsa kuma bai dawo ba sai a Windows 10 cikin watan Yulin 2015, lokacin Satya Nadella ya riga ya gaji Steve Ballmer tun Fabrairun 2014. Duk wanda ya koyar da kwamfuta a waɗannan shekaru ya san cewa darasin farko, wato yadda ake buɗe manhaja da yadda ake kashe na'ura, sai da aka sake rubuta shi. Kusan shekara uku ke nan kafin a gyara abin da malamin aji zai iya gani a mako guda.

Injiniyan Gawon Nama:
A kan Windows 8 ba ni da ja. Sai dai ina so mu yi adalci ga mutanen da muke ambata, domin ba wanda ke zana manhajar waya shi kaɗai, ɗaruruwan ma'aikata ne, kuma abin da muke gani daga waje ɗan kaɗan ne daga abin da aka tattauna a ciki. Idan za mu yi maganar iko, to mu duba tsarin kamfanin maimakon halin mutum. A zamanin Jobs, mai tsara jikin na'ura daban yake da mai kula da fuskar manhaja, shugaban kamfanin kuma yana zaune a tsakiya yana duba aikin kowa da idonsa. A 2012 aka haɗa ikon biyu a hannun Ive. Da aka sanar da tafiyarsa a watan Yunin 2019, ba a naɗa wani a muƙaminsa na babban jami'in zane ba, sai sashen ya koma ƙarƙashin Jeff Williams, wanda a lokacin shi ne mai kula da gudanar da ayyukan kamfanin. A ɓangaren na'ura an ga sauyi bayan haka, domin an daina madannan kwamfuta masu sirantaka da aka fara a 2015 waɗanda suka jawo ƙorafi mai yawa, kuma kwamfutar MacBook Pro ta 2021 ta dawo da ramin HDMI, wanda ake haɗa ta da talabijin ta cikinsa, da na katin ajiya da aka cire a 2016. Wannan yana nuna cewa idan nauyi ya karkata gefe guda, ko na ado ko na tsimin kuɗi, mai amfani ne ke biya. Inda muka bambanta da Malam shi ne ni ba na sa ran zuwan mutum ɗaya, ko da Lemay ne mai shekara fiye da 25 a gidan, zai warware matsalar.

'Yar Runjin Sambo:
Yaya, akwai abin da ake yawan faɗa game da mutanen biyu wanda ya dace a ambata. Alan Dye daga fagen zanen talla da kwalin kaya ya fito kafin ya koma manhaja, Lemay kuwa ya daɗe yana aikin tsara yadda mutum ke mu'amala da manhajar kanta. Wannan ba ya nufin ɗaya ya fi ɗaya basira, amma horon da mutum ya samu yana tantance tambayar da zai fara yi. Ɗaya zai tambayi yadda abin zai fito a hoto, ɗayan kuma zai tambayi ko yatsa zai same shi ba tare da kuskure ba. Ita ma tambaya ta biyu tana da ma'auni, domin ƙa'idar Apple ta ce wurin dannawa kada ya gaza ma'auni 44 a tsawo da faɗi, ta Google kuma ta ce 48.

Dalilin da ya sa nake bin muhawarar nan da kyau shi ne ni da abokan karatuna muna haɗa wata ƙaramar manhaja ta rubuta bashi da ciniki don ƙananan 'yan kasuwa, kuma gardamar da kuke yi ita muke yi a tsakaninmu. Wasu suna so ta yi kama da manhajojin zamani don kada a raina ta, wasu kuma suna so a yi manyan maɓallai masu rubutun Hausa a ƙarƙashin kowace alama.

Ɗan Mabera:
Ƙanwata, ki saurari masu son manyan maɓallai. Ki tuna yawancin wayoyin da za a sa manhajarku suna da tsagaggen gilashi ko ledar kariya da ta dushe, masu su kuma sukan rage hasken allo don caji ya kai su dare. A lokacin hunturu ga ƙura ga bushewar yatsa, sai an danna abu sau biyu kafin ya amsa. Duk wani motsi da sheƙi da kuka ƙara yana cin batir kuma yana nauyaya ƙaramar waya. Abu mafi muhimmanci kuma, idan kun ajiye maɓallin rubuta bashi a wuri, ku bar shi a nan ko da shugaban aikinku ya sauya.

Baban Kanwuri:
Na gode 'yata da bayanin ma'aunin haske, yanzu na gane cewa abin da nake ji a idona yana da lissafi. Shawarata gare ku ita ce ku rubuta dalilin kowane hukunci da kuka yanke a kan fuskar manhajar, ku ajiye shi a fayil. A aikin gwamnati mun ga yadda sabon shugaba ke rushe tsari mai amfani saboda bai tarar da takardar da ta bayyana dalilin kafa shi ba. Idan an rubuta cewa an ƙara girman wannan rubutu ne saboda an gwada shi da dattawa a rana sun kasa karanta ƙaramin, wanda zai zo bayanku sai ya kawo hujjar da ta fi wannan kafin ya taɓa shi.

Hajiyar Minanata:
'Yata, idan kun shirya nau'i biyun, ki kawo su ajinmu ranar Asabar bayan azahar. Zan nemi izinin matan tukuna, waɗanda suka yarda kuma za mu fita da su tsakar gida inda rana take, a ba kowace wayar a ce ta rubuta bashin mudu biyu na gero, ba tare da kowa ya nuna mata inda za ta danna ba. Ku zo da ƙaramar waya irin wadda suke riƙewa, kada ku zo da taku.

'Yar Runjin Sambo:
To Mama, in sha Allahu za mu zo. Yaya Injiniya, ina roƙon ka duba mana nau'i biyun kafin ranar, musamman girman wuraren dannawa da bambancin hasken rubutun, zan tura maka su a daren Alhamis.